Jinga ko aikin yini? Yadda za a yi wa ƙungiyar manoma manhaja

Nura Auyo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, maganar kuma tana da ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni.

Wata ƙungiyar manoman alkama da shinkafa a nan wajenmu ta neme ni in yi mata manhajar riƙe lissafi. Membobinsu sun haura 400, a ƙauyuka 9. Ƙungiya na ba manomi iri da takin kamfa da yuriya, wani sa'in har da man injin ban ruwa, shi kuma ya biya da buhuna bayan girbi. Duk lissafin nan a littattafai uku yake a hannun sakatare, ɗaya ma ruwa ya taɓa shi a ambaliyar 2022, akwai shafukan da ba sa karantuwa.

Ga inda muka sha bamban da shugaba. Shi so yake in rubuto duk abin da manhajar za ta yi a takarda, kwamiti ya sa hannu, a yanke kuɗi guda, in tafi in dawo da ita kammalalliya kafin rabon irin alkama na tsakiyar Nuwamba. Ni kuwa na ce gara duk mako biyu in kawo ɗan abin da ke aiki, sakatare ya gwada, a gyara, a ƙara. Sai ya ce da ni, "Nura, mu ba ma sayen rabin buhu." Yau muna tsakiyar Agusta. Me kuka gani?

Kamal Dutse:
Wa alaikumus salam. Kada ka yarda, Nura. Wannan ai tsohon tsarin Wotafol ne, mai gangarowa kamar ruwa daga tudu: a tara buƙatu, a zana, a rubuta, a gwada, a miƙa, ba waiwaye. An daɗe da barin wurin. Tun Fabrairun 2001 mutum 17 suka zauna a Snowbird, a jihar Yuta ta Amurka, suka fitar da sanarwar Ajayil, wato tsarin yin manhaja kaɗan-kaɗan ana gwadawa ana gyarawa. Suka ce manhaja mai aiki ta fi tulin takardu, tafiya tare da mai kaya ta fi jayayya a kan yarjejeniya, karɓar canji ya fi manne wa tsari. Ka fassara wa shugaban wannan.

Injiniya Garba Ringim:
Kamal ɗana, ka karanta sanarwar nan har ƙasa kuwa? Su da kansu sun rubuta cewa abubuwan da suka sa a baya, wato takardu da yarjejeniya da tsari, su ma suna da daraja. Fifiko suka yi, ba su ce a ƙona takarda ba.

Kuma shi tsarin da kake cewa ya mutu, ana yawan jingina shi ga Winston Royce saboda wata maƙala da ya rubuta a 1970. Mutumin ya yi aikin manhajojin jiragen sama jannati. Ya zana matakan nan a jere, gaskiya ne, amma a nan take ya ce bin su tiryan-tiryan haɗari ne, domin sai a wajen gwaji, can ƙarshe, ake gane an yi kuskure tun farko. Shawarar da ya bayar ita ce a yi aikin sau biyu, na farko na koyo, kuma a riƙa sa mai kaya a ciki. Kalmar Wotafol ma ba ta cikin maƙalar. Ka ga ke nan rigimar ba ta tsoho da yaro ba ce.

Abin da na gani da idona: wani ofishi da na yi wa aiki ya ɗauki samari biyu su yi masa manhajar albashi. Suka ce su 'yan Ajayil ne, ba sa rubuta komai. Wata goma sha huɗu ana biyan su, kullum "saura kaɗan". Da ɗaya ya samu aiki ya bar gari, ba wanda ya san me aka gama, me ya rage, domin ba takarda ko ɗaya da za a buɗe. Aka koma littafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kamal Dutse:
Allah ya ƙara lafiya, Injiniya. Na karɓi gyaran. Amma waɗancan samarin ba Ajayil suka yi ba, sakaci suka yi suka laƙa masa suna. Da suna miƙa abu mai aiki duk mako biyu, da ba a kai wata uku ba an gane.

Ni ma ga nawa misalin. Hukumar FBI ta Amurka ta kashe kusan dala miliyan 170 a kan wata manhajar ajiye bayanan bincike da aka tsara komai nata tun farko, a 2005 aka watsar da ita ba a mora ba. Aka fara wata, Sentinel, ita ma ta yi ta jan ƙafa, sai a 2010 suka karɓe aikin suka rage mutane suka koma yi zango-zango, a 2012 ta fara aiki. Su fa ba takarda suka rasa ba, takardun ne suka yi musu yawa.

Hajiya Rabi Birnin Kudu:
Salamu alaikum. Ni ba mai rubuta manhaja ba ce, mai amfani da ita ce a ƙauye, shekara shida ina tattara bayanan mata masu juna biyu da waya. Bari in gaya muku abin da takarda ke yi idan an rubuta ta nesa da mutane.

An taɓa aiko mana da wata manhaja daga birni, an tsara ta tsaf, an buga littafin koyarwa mai kauri. Rana ta farko muka shiga gida, ta ce a sa ranar haihuwar mace, rana da wata da shekara, in ba a sa ba ba za ta wuce gaba ba. Baiwar Allah ta ce an haife ta shekarar da aka yi fari. Me zan rubuta? Ta ce a sa lambar waya, kuma ba ta karɓar lamba ɗaya sau biyu, alhali mata huɗu a gidan nan wayar maigida ɗaya suke amfani da ita. Sannan ba ta ajiye komai sai da sabis. Sai mu rubuta a takarda da rana, da dare mu nemi tudu mu kwafe. Aiki biyu.

Muka kai kuka, aka ce an riga an sa hannu a tsarin, gyara sai sabuwar kwangila. Haka muka yi wata takwas. Daga baya aka koma KoboToolbox, wadda ke ajiye bayani a waya har a samu sabis, kuma fom ɗin ana iya gyara shi cikin yini guda. Da wanda ya tsara ta farko ya bi mu gida biyar kawai, da ya ga duk wannan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nura ƙanena, ko me za ku sa wa hannu, ka fara kwana biyu kana bin sakataren nan kana kallon hannunsa.

Nura Auyo:
Na gode Hajiya. Maganar suna ma na riga na ci karo da ita. A littafi ɗaya na ƙirga Musa Ibrahim har bakwai. Sakatare da laƙabi yake bambanta su, wannan Musa Dogo, wancan Musa na Gidan Sarkin Ruwa, kuma laƙabin ba a rubuce yake ba, a kansa yake.

Malam Ado Kura:
Assalamu alaikum. Ɗana ne ya sa ni a wannan zaure, yawanci karatu nake ba na magana. Amma yau an taɓo sana'ata, domin shekara goma sha ɗaya ina sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a nan Kura.

Ina roƙon ku kada ku ɗauka shugaban nan rashin sani ne ya sa ya nemi takarda. Kuɗin da zai biya ba nasa ba ne, na mutum 400 ne, kowa ya zuba nasa da gumi. Ranar babban taro wani zai miƙe ya ce, nawa aka ba yaron nan, me ya kawo? In shugaba ya ce ana biyansa duk mako biyu, ba a san ranar gamawa ba, ba a san jimla ba, wallahi kafin la'asar an ce ya ci kuɗi da ɗan garinsu. Takardar nan garkuwarsa ce.

Mu manoma mun san hanya biyu ta ba da aiki. Akwai jinga, a duba gona a ce nome ta kaza ne, ka gama da hantsi ko da magariba wannan ruwanka. Akwai aikin yini, a biya ka ranar da ka yi. Muna ba da jinga idan aikin a bayyane yake, kowa na ganin iyakar gonar. Amma ba mai ba da jingar haƙa rijiya a wurin da ba a taɓa haƙa ba ba tare da sharaɗi ba, domin ba a san gaba nawa ruwa yake ba, ba a san ko za a tarar da dutse ba. Sai a ce gaba ɗaya kaza. To ku ku gaya mana gaskiya, aikin nan naku noma ne ko rijiya? In rijiya ce, ku yanka mana shi gaba-gaba, kowace gaba da kuɗinta da abin da za mu gani da ido. Wannan shugaba zai iya kai wa taro.

Safiya Gumel:
Baba Malam Ado, Allah ya saka da alheri. Kun faɗi abin da na yi shekaru ina neman yadda zan faɗa wa masu ba mu aiki.

Amsar tambayarku: rabi noma ne, rabi rijiya. Kuma aikin Nura na farko shi ne ya raba su.

Ina yi wa wani kamfani aiki daga gida shekara huɗu ke nan, da tsarin Sikiram muke tafiya, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995: zangon da bai wuce wata guda ba, taron tsaye na minti 15 kullum, a ƙarshen zango a nuna abin da aka yi. Yana mana amfani ƙwarai. Amma abin da ba a cika gaya wa masu koyo ba shi ne, ba kowane sashe na manhaja ne yake da sauƙin juyawa ba. Fuskar manhaja, inda maɓalli yake, girman rubutu, kalmar da aka sa, ko "bashi" za a rubuta ko "rance", wannan kamar shafen ɗaki ne, yau ka shafa gobe ka sake, kuma ba yadda za a yi ka san daidai sai mai amfani ya taɓa. Amma yadda aka gina rumbun bayanai, wannan harsashi ne. In ka zuba lissafin mutum 400 na shekara guda a kan gurguwar ƙira, ranar da ka zo gyarawa bashin mutane kake taɓawa.

Nura, abubuwan da ni zan zauna in rubuta tsaf kafin in taɓa kwamfuta ba su da yawa, amma ba zan yi sassauci a kansu ba. Kowane memba da lambarsa ta ƙungiya wadda ba ta canjawa, ba lambar waya ba, ba suna ba, laƙabi da ƙauye su zo a gefe. Ba a goge komai a lissafi: in an yi kuskure, a shigar da sabon layi na gyara, da sunan wanda ya gyara da ranar, tsohon layin yana nan. Sakataren kirki ma haka yake yi a littafi, ya ja layi a kai ba ya yage shafi. Sannan a yanke tun yanzu me zai faru idan wayoyi biyu da ba su da sabis suka shigar da abu a kan manomi ɗaya, wanne za a ɗauka idan sun haɗu. Wannan na ƙarshen shi ke kashe manhajojin ƙauye, kuma ba ya bayyana a gwajin mako biyu na farko, sai ranar rabo da wakilai tara suka watsu.

Kamal Dutse:
Anti Safiya, ai a Ajayil ma ana iya sake ƙirar rumbun a hankali, ana tura sabuntawa.

Safiya Gumel:
Ana yi, a inda saba, wato babbar kwamfutar da manhaja ke zaune a kanta, ɗaya ce kuma tana hannunka. Nura wayoyi tara zai saka a ƙauyuka tara. Ya tura sabuntawa, shida sun samu, uku suna fadama ba sabis har mako guda. Yanzu manhaja iri biyu ke rubutu a littafi ɗaya.

Ka tuna kamfanin Knight Capital na Amurka? A ƙarshen Yulin 2012 suka saka sabuwar manhajar cinikin hannun jari a sabobinsu takwas, aka manta ɗaya. Ranar 1 ga Agusta ita ɗayar ta tashi da tsohon aiki, cikin kimanin minti 45 suka yi asarar dala miliyan 440. Saba ɗaya cikin takwas. Ba ina nufin kada a sabunta ba ne, ina nufin inda kuɗin mutane yake, sabuntawar kanta sai an tsara ta: wace rana, wa zai tabbatar kowace waya ta karɓa, kuma a hana tsohuwar manhaja aika komai sai ta sabunta. Kuma ba a yi a makon rabo ko makon karɓar buhuna.

Malam Ibrahim Kafin Hausa:
Salamu alaikum. Ni ɗalibi ne a wannan fage, watana biyar da fara koyon Python, wani yaren rubuta manhaja, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun saƙon Nura na farko.

Da fari, maganar rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take: a rubuta, mai rubutu ya yi adalci, wanda ake bi shi ne zai yi shifta, a kafa shaidu. Saboda haka ni ba na ganin neman takarda a matsayin ci baya. Har ma zan ce manhajar ta riƙa ba manomi shaidarsa a hannu, ko saƙon tes ko 'yar takarda, kada ya zama ƙungiya kaɗai ke da lissafi.

Na biyu ya fi nauyi. Ka ce ana ba da irin alkama, a biya da buhunan alkama. Alkama na cikin abubuwa shida da hadisi ya ambata, waɗanda idan za a musanya su da jinsinsu sai daidai da daidai, hannu da hannu. In rance ne, abin da aka ba ka shi za ka mayar, ba ƙari. Taki da mai kuwa hukuncinsu daban, kuma akwai babin salam, wato a biya tun yanzu a karɓi kaya daga baya, inda hadisin Ibn Abbas ya ce a san awo, a san nauyi, a san wa'adi. Ba fatawa nake ba, ku je wa malaman garinku. Abin da nake nuna wa Nura shi ne, in manhajarka ta dunƙule iri da taki da mai a layi ɗaya ta ce bashinka buhu kaza, ranar da malami ya ce a ware iri daban ba za ka iya warewa ba.

Nura Auyo:
Malam, wallahi wannan bai taɓa zuwa mini ba. A littafin sakatare a dunƙule suke, kuma haka na yi niyyar kwafewa. Allah ya saka.

Safiya Gumel:
Ka gani ko? Wannan harsashi ne. Kowane kaya da layinsa, da awonsa, da farashinsa na ranar da aka bayar. Tambayar da za ka riƙa yi wa kowane abu ita ce, in na yi kuskure a nan, gyaran kwana ɗaya ne ko sai an kira mutum 400 an sake tambayarsu?

Injiniya Garba Ringim:
Abin da Safiya take faɗa shi Barry Boehm, wani masanin aikin manhaja, ya daɗe yana nunawa, cewa kuskuren da aka kama a wajen tattara buƙatu ya fi arha nesa ba kusa ba a kan wanda aka kama bayan an miƙa aiki. Kuma shi wannan Boehm ɗin, da Richard Turner, a 2003 suka ce maimakon a yi ta musu a kan wanne ya fi, a auna aiki da abu biyar: yawan masu aikin, girman ɓarnar da kuskure zai jawo, yawan canjin buƙatu, ƙwarewar ma'aikata, da ɗabi'ar wurin.

Mu auna na Nura. Shi kaɗai ne, wannan ya karkata ga sassauci. Buƙatu za su yi ta fitowa, mun ga biyu sun fito a nan cikin yini ɗaya, wannan ma sassauci. Ɓarna: ba rai za a rasa ba kamar manhajar jirgin sama, amma a ɗora wa talaka buhu biyu da bai ci ba, ko a rage wa wani, ya isa ya rusa ƙungiya ya raba zumunci. Wannan tsari yake so. Ɗabi'ar wuri kuwa Malam Ado ya gama bayani.

Bashir mai POS, Haɗejiya:
Ni ta fannin kuɗi zan ce wani abu. Nura, ko jinga za ka karɓa kada ka karɓi ta dogon lokaci. Wanda ya yanke farashin aiki a watan Afrilun 2023, ranar 29 ga Mayu aka ce an cire tallafin mai, kuɗin zuwa ƙauye a babur kaɗai ya cinye ribarsa. Kafin nan a farkon shekarar an yi ƙarancin takardun naira, mutanen da suka rantse ba za su taɓa yin taransifa ba da kansu suka zo ana buɗe musu asusu. Wace takarda ce ta hango wannan? Gaba-gaba ɗin Malam Ado ta fi maka, ta fi musu.

Kamal Dutse:
Lokaci ne ma abin tsoro. Wata uku. Nura, in ka ga za ka makara, akwai yara uku da muka gama horon 3MTT tare, shirin nan na gwamnatin tarayya na koyar da fasahar zamani, sai in turo maka su a watan ƙarshe.

Injiniya Garba Ringim:
In za su zo su zo yanzu. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aiki a kamfanin kwamfuta na IBM, tun 1975 ya ce ƙara mutane a aikin manhaja da ya makara ƙara masa makara yake, domin lokacin da za ka yi aiki shi za ka ɓata wajen koya musu. Amma akwai aikin da za su yi tun yau wanda ba ya buƙatar su san cikin manhajar: su zauna da sakatare su kwafe littattafan nan uku, su warware Musa bakwai ɗin nan. Wannan kaɗai zai ci makonni.

Hajiya Rabi Birnin Kudu:
In ana kwafewa a tambayi gonakin mata. Da yawa sunan miji ne a littafi, amma matar ce ta karɓi taki, ita za ta biya. In miji ya rasu ko aka rabu, nan rigima take tashi. A bar gurbi biyu, mai suna a rajista da mai noman.

Kuma kada ku tara abin da ba ku buƙata. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023. In ba abin da za ku yi da lambar NIN ta mutum, kada ku karɓa, in kuma za ku karɓa ku gaya masa dalili ya yarda. Waya tana faɗuwa a kasuwa.

Nura Auyo:
Tambaya ɗaya, Anti Safiya. Ni kaɗai ne, taron tsaye na minti 15 da wa zan yi?

Safiya Gumel:
Ba ka buƙatarsa. Sikiram don tawaga aka yi shi. Kai Kanban ya fi dacewa da kai, wanda asalinsa daga masana'antar Toyota ne a Japan. Ka samu allo a ofishin ƙungiya, ba a kwamfutarka ba, ka ja layi biyu ya zama gida uku: wanda ba a fara ba, wanda ake yi, wanda aka gama. Kowane aiki a 'yar takarda da Hausa, yadda shugaba zai karanta. Kada gidan tsakiya ya wuce takarda biyu. Kuma ba kai za ka matsar da takarda zuwa gidan ƙarshe ba, sakatare ne, bayan ya gwada da hannunsa. In wani ɗan kwamiti ya zo da sabuwar buƙata, ka ce madalla, ga allo, wacce za mu cire mu sa taka? Ranar rabon iri ba ta matsawa, sanyi ba ya jiran kowa, saboda haka abin da zai matsa shi ne yawan abin da za a saka.

Malam Ado Kura:
Wannan allon ya yi mini. Ƙari ɗaya: kakar farko kada ku ajiye littafi. A rubuta a waya, a rubuta a littafi, duk Juma'a a gwama. In sun yi daidai har girbi, mutane da kansu za su ce a bar littafin.

Nura Auyo:
Assalamu alaikum. Kwana shida ke nan, na ce in dawo in gaya muku yadda aka yi.

Na bi shawarar Hajiya, na yi kwana biyu tare da sakatare. Abin da na gano wanda ba wanda ya faɗa mini: buhu ba ɗaya ba ne. Ƙauyuka biyu da kwano suke aunawa su cika buhu, sauran a kan sikeli, kuma sakatare yana daidaita su da ka. Yanzu na sa kilo ya zama asalin awo, buhu da kwano su zama fassara.

Na rubuta takarda, shafi huɗu, da Hausa. Shafi biyu na abin da ba zai canja ba sai kwamiti ya zauna: lambar memba, rashin gogewa, ware iri da taki da mai, awo, wanda ke da ikon gyara, kwafin ajiya duk mako. Ɗaya na gabobi huɗu, kowace da kuɗinta: rajista, rabon kaya, karɓar biya, rahoton taro. Biyun farko dole kafin Nuwamba, karɓar biya sai kusa da girbi tunda ba a buƙatarta yanzu. Shafin ƙarshe ya ce bayan kowace gaba suna da damar tsayawa, abin da aka gama nasu ne, har da asalin rubutun manhajar.

Da na zo kan misalin rijiya shugaba ya yi shiru, sannan ya ce a karanta wa kwamiti. Sun sa hannu a kan gaba ta farko da ta biyu. Maganar iri sun kai wa limamin Juma'a, ya ce zai duba ya ba su amsa.

Saura abu ɗaya da ban san inda zan sa shi ba. Ma'aji ya tambaya, in ambaliya ta cinye gonar mutum kwamiti ya yafe masa rabi, ko memba ya rasu da bashi a kansa, yaya manhaja za ta rubuta? A 2022 sun yafe wa wasu, amma da baki aka yi.

Safiya Gumel:
Yafiya layi ce mai zaman kanta, kamar biya, da ranar zaman kwamiti da sunayen waɗanda suka amince. Bashin asali yana nan a rubuce, kada ka rage shi. Ka sa wannan a shafin da ba ya canjawa tun yanzu, ko da maɓallinsa sai gaba ta uku.

Malam Ibrahim Kafin Hausa:
Na mamaci kuwa kada ka mayar da shi kan ɗansa kai tsaye. Bashi daga dukiyar da ya bari ake fitar da shi kafin a raba gado, ba a kan magaji yake ba sai in shi ya ɗauka da kansa. Ka bar shi da sunan marigayin, ka buɗe gurbin wanda ya zo ya biya a madadinsa. Ku haɗa wannan ma cikin abin da za a tambayi liman.

Nura Auyo:
To. Na ƙara su a takardar. Kamal, ka turo yaran ranar Asabar, su sauka a tasha su kira ni, sakatare ya ce zai fito da littafin da ruwa ya taɓa mu fara da shi tunda shi ne mai wuya.